Ciwon dunduniya da asuba, ruɓewar tsakanin yatsu da targaɗe: amsa ga ɗan'uwa daga Mile 12

Wani ɗan'uwa mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 ya turo tambaya mai tsawo akan matsalolin ƙafa gaba ɗaya, ga ta a taƙaice. Shekarunsa 43, wajen wata biyar kenan duk asuba in ya sauke ƙafa daga katifa sai yaji dunduniyarsa ta dama kamar ya taka ƙusa, in ya ɗan taka ta saki, da yamma kuma ta dawo, yanzu kullum sai ya sha diclofenac daga kemis kafin ya fita. Tunda damina ta sauka tsakanin yatsun ƙafarsa yake fari yana ƙaiƙayi yana wari. Ƙaninsa yayi targaɗe wajen ƙwallo suna shawarar kai shi wajen mai ɗori. A ƙarshe ya ƙara da cewa mahaifinsu da yazo daga gida yana da suga, amma shi alhamdulillahi ƙafarsa bata masa ciwo, sai dai yace baya jinta sosai.

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni aikina fisiyo ne, wato gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ƙafa da gwiwa da baya su muke gani kullum a nan Legas, don haka zan faɗa maka abinda na sani, amma ka riƙe cewa ban taɓa ƙafar kowa a cikinku ba, daga bayaninka nake magana.

Da Baba zan fara duk da shi ka saka a ƙarshe, domin cikin ku ukun shi ne wanda ya fi tada min hankali. Kai ƙafarka tana ciwo, tana hana ka taka inda bai kamata ba. Shi tasa ta daina faɗa masa komai. Suga in ya daɗe yana sama yana cinye ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji, daga kan yatsu yake farawa a ƙafa biyun yana hawa sama a hankali, wani zai ce maka tafin ƙafarsa na zafi kamar barkono da dare, wani yace kamar kiyashi na bin sa, wani kuma irin Baba sai dai mindirewa kawai. Toh mai irin wannan ƙafar tsakuwa zata shiga takalminsa ya wuni yana takata bai sani ba, ko ranar Juma'a sahu ya fito har kan kwalta ya tsaya babu takalmi a rana ƙafar ta ƙone, ko a kawo masa ruwan zafi wai a gasa masa ƙafa saboda sanyi ta saɓule. Daga ɗan wannan ciwon gyambo yake farawa, kuma sugan dai shi yake toshe hanyoyin jini ya rage wa jiki ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ciwon yaƙi warkewa. Mafi yawan ƙafafun da ake yankewa masu suga daga ɗan ƙaramin gyambo suka fara, irin wanda aka raina aka barbaɗa masa garin kafso.

Akwai gwajin da zaka iya yi masa yau a gida. Ya cire safa ya kwanta ya rufe ido, ka taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin a hankali da ɗan yatsanka na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, kar ka danna, kowace ƙafa uku kenan shida gaba ɗaya, duk wanda yaji yace eh. In ya kasa jin biyu ko fiye to jin ƙafar ya ragu. A asibiti da wani siririn zaren roba mai nauyin giram 10 ake yi, sannan a laluba bugun jini a saman ƙafa da kuma bayan idon sawu ta ciki. Ku kai shi cikin satin nan dan Allah, kar a jira sai ciwo ya fito, kuma ku nemi a yi masa gwajin HbA1c wanda yake nuna yadda sugan ya kasance a wata ukun da suka wuce, ba na tsira yatsa kawai ba da mutum zai iya yin azumin tuwo kwana biyu ya yaudari likita. In ya daɗe yana shan maganin suga metformin a duba masa bitamin B12, domin maganin yana iya rage shi kuma ƙarancinsa shima yana kawo mindirewa.

A gida kuma doka ce: kullum da dare wani ya duba masa ƙafa da fitila, tafi da tsakanin yatsu da dunduniya, harda wajen idon sawun hagu ta waje inda zaman tahiya yake sa kanta. Ya zazzage takalmi ya sa hannu ciki kafin ya saka. Babu tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi da ƴar kwalbar ruwan omo, ban hana su neman abincinsu ba amma ƙafar mai suga ba wajen aikinsu bane, suna shiga gefen farce su ƙwaƙule su kankare kaushi da reza, ga almakashin ya bi mutum ashirin kafin shi. A sai masa nasa abin yanka, a yanke farcen a miƙe kar a bi kwana. In kuka ga ciwo ko bororo ko wani yatsa ya fara baƙi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tayi ja tayi ɗumi ko da bata ciwo, asibiti ne a ranar ba gobe ba. Iyayenmu mata masu suga kuma su rage ƙunshi mai duhu a tafin ƙafa domin yana ɓoye canjin launin fata.

Yanzu kai. Abinda ka kwatanta, ciwo a takun farko da asuba, ya saki in ka motsa, ya dawo in ka daɗe a tsaye ko ka tashi daga dogon zama, kusan duk wanda ya san aikin ƙafa zai fara tunanin jijiyar tafin ƙafa ce. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne a cikinta, an jera su sun yi lanƙwasa, sannan akwai wata faffaɗar jijiya mai tauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta tafi har gindin yatsu tana riƙe da lanƙwasar kamar tsirkiyar baka. Duk taku sai ta miƙe ta ɗauki nauyinka. In aikin yayi mata yawa sai wajen da ta manne da ƙashin dunduniya ya fara ƴan ƙananan tsagewa yana kauri. Da dare kana barci ƙafa tana saki yatsu suna kallon ƙasa, jijiyar ta takure, asuba kana takawa ka fizge ta lokaci ɗaya, shine wannan ƙusar da kake ji. In ka danna da babban yatsan hannu a ƙasan dunduniyar ta ɓangaren ciki zaka samu wajen daidai.

Me ya jawo? Shekaru 40 zuwa 60 sune lokacinta dama. Sai tsayuwa daga asuba zuwa la'asar akan siminti, sai ɗaga buhu, sai in tumbi ya ɗan fito, sai sharaɓa da ta ɗaure bata miƙewa, sai kuma babban mai laifi wato silifas ɗin bahaya da ya cinye ya zama fallen takarda wanda na tabbata shi kake sawa a kasuwa. Haka nake ganinta wajen masu gadi a Ikoyi da Lekki, da masu tura kurar ruwa a Agege, da samarin da suka bar acaba bayan dokar hana ta a wasu sassan Legas a 2020 da kuma wadda aka ƙara a watan Yunin 2022 suka koma dako da talla, mutumin da ya saba zama kan mashin rana ɗaya ya koma taka Legas da ƙafa dole jijiya ta yi ƙorafi.

Maganinta ba a kemis yake ba, kuma anan ne mutanenmu suke gajiya da mu. Abu na farko kafin ka taka ƙasa da asuba: zauna bakin katifa, ɗora ƙafar mai ciwo kan ɗaya gwiwar, kama yatsun gaba ɗaya ka ja su baya wajen ƙwauri har kaji tafin ƙafar ya ɗaure, ƙirga goma, saki, ka maimaita sau goma. Ka yi haka sau uku a rana, kuma duk sanda ka daɗe a zaune ka yi kafin ka miƙe. Na biyu miƙar da sharaɓa: dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya gwiwa a miƙe dunduniya a manne da ƙasa, ka karkata gaba har kaji bayan ƙafar yana ja, daƙiƙa 30 sau uku, sannan ka ɗan lanƙwasa gwiwar ka sake. Mafi sauƙin tunawa ka haɗa shi da lokutan sallah. Na uku in zafin ya ɗan lafa bayan sati biyu ko uku, ka tsaya a bakin matakala ka naɗe tawul ƙarƙashin yatsu, ka ɗaga dunduniya a hankali cikin daƙiƙa uku, ka tsaya biyu a sama, ka sauko cikin uku, ka fara da ƙafa biyu daga baya ka koma ɗaya, yau kayi gobe ka huta. Wannan shi yake ƙara wa jijiyar ƙarfin ɗaukar kaya, sauran kwantar da ita kawai suke yi. Da yamma in ka dawo ka sa gorar ruwa da ta daskare a ƙasa ka mirgina tafin ƙafa akai minti goma. Wannan na ƙanƙarar banda Baba.

Sai takalmi, kuma in kuɗin abu ɗaya kake da shi to ka kashe shi anan. Ba sai sabo ba, gwanjo mai kyau ya wadatar, kambas ko sandal mai maɗauri a baya. Ka gwada shi a hannu kafin ka biya: ka lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe a wajen yatsu kawai, in ya naɗe a tsakiya ko ka iya murɗe shi ka ajiye musu kayansu. Dunduniyarsa ta ɗan fi gaba tudu kamar santimita biyu, cikinsa da taushi, gaban da faɗi. Da yamma ake sayen takalmi lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Akwai ƴar robar silikon da ake sawa ƙarƙashin dunduniya, manyan famasi suna sayarwa, ka sa a ƙafa biyun don kar ka karkace. A wajen sana'a ka samu benci ko buhu ka riƙa zama ko minti biyar ne duk awa, ka shimfiɗa kwali mai kauri ko tabarmar roba inda kake tsayawa. A ɗaki ma kar ka taka tayil ba takalmi musamman da asuba.

Gaskiyar da bana ɓoye wa kowa ita ce abin yana ɗaukar lokaci. Zaka fara jin sauƙi cikin sati shida zuwa takwas in ka dage, amma warkewa sosai tana iya kai wata shida har shekara. Kusan mutum tara cikin goma suna warkewa da irin waɗannan abubuwan ba tare da an yi musu aiki ba. In kaje aka yi hoto aka nuna maka wani ɗan tsinin ƙashi a ƙasan dunduniya kar hankalinka ya tashi, mutane da yawa suna da shi basu taɓa ciwo ba, wasu kuma suna ciwon babu shi, ba shi yake sukarka ba kuma ba sai an fasa an cire ba. Allurar da ake yi a dunduniya, ta sitiroyid, tana kashe ciwon na ƴan makonni, ni bana gaggawar tura mutum gareta domin in aka yawaita tana narkar da kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙasan dunduniya kuma tana iya tsinka jijiyar, shi kuma kitsen in ya tafi baya dawowa. In an kai wata uku zuwa shida ana abinda ya dace babu canji, sannan a zauna da likitan ƙashi ayi maganar allura ɗaya, ko takalmin barci mai riƙe ƙafa a miƙe, ko na'urar da take bugun wajen.

Amma fa ba duk ciwon dunduniya bane wannan. In ciwon yana tashinka daga barci, ko in ka matse ƙashin dunduniyar ta gefe da gefe kaji zafi sosai, ana tunanin tsagewar ƙashi. In zafi ne mai raɗaɗi da mindirewa yana tafiya yatsu, jijiyar ji ce ta matse ko kuma daga gadon baya yake saukowa. Saurayi da dunduniya biyu ke ciwo ga bayansa yana ƙagewa da safe, wannan a duba shi ta fannin ciwon gaɓoɓi. In kuma a baya ne wajen agara to wata matsalar ce daban, kuma a nan ina jan kunne akan ciprofloxacin da ake sha kamar gyaɗa da sunan taifot, yana cikin magungunan da aka tabbatar suna raunana agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura 60 ko yake shan sitiroyid irin prednisolone. Wanda yaji kamar an doke shi a bayan ƙafa ya juya bai ga kowa ba, sannan ya kasa ɗage, agara ce ta tsinke, kar a ja kar a murza, asibiti.

Diclofenac kullum yayi yawa wallahi. Shi da ibuprofen da piroxicam duk dangi ɗaya ne, suna cin bangon ciki su kawo olsa har da zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, ga ka kana aiki a rana kana zufa baka shan ruwa sosai wanda shine yanayin da ƙoda ta fi jin jiki. Ka tsayar da shi. In ka taɓa ganin bahaya baƙi kamar kwalta ko zafin ƙirji da ciki ka faɗa wa likita. In dole ne ka sha paracetamol, ko ka shafa diclofenac na shafawa. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, sau da yawa akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, shi yasa kake jin garau washegari, amma yana kumbura fuska yana tada suga, kai kuma mahaifinka yana da suga kaga kaima kana cikin haɗari. Ranar da zaka kai Baba kaima a auna ka, suga da hawan jini da ƙoda. Tramadol kuwa kar ma ka fara.

Tsakanin yatsu kuma naman gwari ne, wato fungus, abincinsa laima da ɗumi. Mu da muke alwala sau biyar mu zura ƙafa a takalmi da ruwanta, ga taɓon Mile 12 da ruwan ruɓaɓɓen tumatir, ga damina a Legas da bata da ranar ƙarewa, dole ya samu wajen zama. Yawanci tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi yake farawa. Ka nemi man terbinafine ka shafa sau ɗaya ko biyu a rana sati ɗaya zuwa biyu, ko clotrimazole sau biyu a rana har sati huɗu, kuma kar ka daina don ƙaiƙayi ya tsaya, ka cika kwanakin. Ka karanta jikin kwalin, in kaga an rubuta clobetasol ko betamethasone a cikin haɗin ka bar shi, irin mayukan nan ne masu cewa suna maganin komai, suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu su kuma ƙara wa cutar ƙarfi su sirantar da fata. Maganin gaskiya dai shine bushewa: ɗan ƙyalle a aljihu na goge tsakanin yatsu bayan kowace alwala, wanda ba shi kake goge fuska da shi ba. In renbut kake sawa ka sa safar auduga ka canza ta tsakar rana, ka kife takalmin ya sha iska, in da hali biyu kake da su kana musanyawa. Banda kalanzir, banda haifo, banda ruwan batir, duk na ga an zuba kuma ƙuna ce kawai take biyo baya. Dalilin da yasa bana raina wannan ɗan ciwon shine ƙofa ce, ta tsagar nan ƙwayar cuta take shiga sai kaga ƙwauri ya kumbura yayi ja yayi zafi ga zazzaɓi ga kaluluwa a matsematsi, wannan sai maganin asibiti. In farce ne yayi kauri yayi rawaya yana marmashewa, shafawa bata cika isa ba, ƙwaya ake sha wajen wata uku kuma likita ne zai rubuta saboda hanta.

Kaushi da faso ba sai na ja ba. Jiƙa ƙafa minti goma, goge da dutse a hankali, shafa basilin ko man kaɗanya ko mai da yake da yuriya a ciki, sa safa ka kwanta. Kar a shafa mai a tsakanin yatsu, kar a yanke da reza, kar a ɗiga sufa gulu.

Ƙaninka kuma. Tambayar farko a targaɗe ita ce akwai karaya ko babu, kuma akwai ƙa'idar da likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka fitar a 1992 wadda har yau da ita ake aiki. In bai iya taka ƙafar taku huɗu ba lokacin da abin ya faru da kuma yanzu, ko da ɗingishi ne, ko in an danna ƙashin idon sawu ta bayansa ko tsininsa, na waje ko na ciki, yaji zafi a kan ƙashin kansa, ko ƙashin gefen ƙafa ta waje wajen tsakiya inda layin ƙaramin yatsa ya ƙare, ko ɗan ƙashin da ya turo ta ciki a saman lanƙwasar ƙafa, to sai anyi hoto. In babu ko ɗaya daga ciki da wuya ace karaya ce. Kumburi da taruwar jini baƙi-baƙi kaɗai basa nuna karaya, jijiyoyin waje ne suke yagewa in ƙafa ta gurɗe ciki.

In targaɗe ne zalla, kwana biyu zuwa ukun farko ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20 sau da yawa a rana, bandeji mai talewa daga yatsu zuwa sama ba da ƙarfi ba, ya ɗaga ƙafar sama da ƙirji in ya kwanta. Ba ruwan zafi, ba man zafi, ba ja, ba murza, jijiyar da ta yage in aka ja ta ƙara yagewa take. Daga nan ya fara takawa gwargwadon yadda zai iya, kwanciya sati biyu bata taimaka masa, ya riƙa juya ƙafar yana rubutu da babban yatsa a iska. Abinda kowa yake tsallakewa kuma shine tsayuwa da ƙafa ɗaya, daƙiƙa 30, in ya iya ya rufe ido, in ya iya ya hau kan filo, kullum har wajen sati shida ko fiye. Targaɗe yana lalata yadda ƙafa take sanin inda take, in ba a dawo da wannan ba shine zaka ji mutum yana cewa ƙafar nan kullum sai ta gurɗe. Ƙarami sati biyu ya wuce, matsakaici wajen sati shida, babba har wata uku. Kar ya koma fili sai ya iya tsalle da ƙafar ɗaya ba ciwo, kuma ya sa abin ɗaure idon sawu in zai buga.

Maganar mai ɗori, na san akwai waɗanda suka gaji abin kuma mutane sun yarda dasu, ga sauƙin kuɗi ga kusa, ba zan zage su ba. Matsalata biyu ce. Basa ganin cikin ƙafa, kuma karayar idon sawu a cikin gaɓa take, in ƙashin ya haɗe a karkace ko kaɗan ne mutum zai yi ta fama da ciwon gaɓar shekara da shekaru. Na biyu ɗaurin karare da ƙarfi akan ƙafar da take kan kumbura yana tsayar da jini, kuma wannan yana cikin sanannun dalilan yanke hannu da ƙafa a asibitocin ƙasar nan, musamman yara. Ko ɗaurin asibiti ne ko na gida, in ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun yi sanyi ko sun canza launi ko sun mindire ko ya kasa motsa su, a kwance a take a tafi asibiti, kar ace ai ɗorin ne yake kamawa. Ƙaramin yaro kuma da ya gurɗe a yi masa hoto kawai, domin wajen da ƙashinsa yake tsiro ya fi jijiyarsa rauni. Don haka ku yi hoton tukuna, kuɗinsa bai kai na gyaran ɗorin da ya lalace ba.

Tunda ka tambayi matsalolin ƙafa gaba ɗaya bari in taɓo wasu da sauri. Babban yatsa da ya kumbura dare ɗaya yayi ja ko zani baya so ya taɓa shi, gawut ne mafi yawa, gishirin yurik ne yake taruwa a gaɓa, kayan ciki da hanta da ƙoda da lemon kwalba suna tada shi, haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, mahauta da masu suya su lura. Ana auna jini, kuma in yana yawan dawowa akwai allopurinol da ake sha kullum da izinin likita. Ƙafa biyu da suka kumbura in ka danna ya lotsa, a duba zuciya da ƙoda da hanta, maganin hawan jini amlodipine ma yana sa hakan. Amma wanda ya sauko daga doguwar mota daga Kano ko Sakkwato, ko ya kwana a takure a kan tirelar kaya, sai sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kar a murza ta, jini ne mai yiwuwa ya daskare kuma yana iya tafiya huhu. Wanda ya taka ƙusa a kasuwa ya wanke da ruwa da sabulu yaje ayi masa allurar tetanos a duba ramin, duka da itace don jinin ya fita baya hana komai. Mai sikila da ɗan ciwo a idon sawu kar ya jira. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe ciki kuma ana gyara ta da ɗaurin filasta da ake canzawa duk sati in aka fara da wuri, ba sai an jira ya girma ba.

Wajen zuwa, daga Mile 12 asibitin ƙashi na Igbobi yana kan titin Ikorodu, BRT ɗaya ce zata kai ku kusa, can ya dace da ƙaninka in ana zargin karaya. Babban asibitin Gbagada ma yana kusa daku kuma suna ganin masu suga, sai asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja in abin yayi girma. Ku tambaya akan inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, ko zata rage muku wani abu. Ku fita da sassafe saboda layin kati, ku tafi da duk magungunan da kowa yake sha a cikin ledarsu harda na gargajiya, in Baba baya jin Turanci ko Yarbanci ka shiga dashi ɗakin likita da kanka kace a cire masa safa a duba ƙafar ko ba a tambaya ba. Kai kuma ka riƙo takalmin da kake sawa a kasuwa, wajen da ya cinye yana nuna mana yadda kake taku.